GANI YA KORI JI? SHARHI KAN MAGANAR "SALON KOYO" A WAJEN KOYON HARSHE NA BIYU



Yau ba darasin ƙa'idojin rubutu na kawo ba, ko da yake za mu bi ta kansu. Wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in baje ta a faifai. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a kai ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Kwanakin baya an kira mu taron bita na malaman harsuna. Aka raba mana wata takarda mai tambayoyi. Irin su: in za ka wurin da ba ka sani ba, ka fi son a zana maka hanya, ko a yi maka kwatance da baki, ko a rubuta maka, ko a raka ka? In ka gama amsawa sai a lissafa, a ce kai mai koyo da ido ne, wane da kunne, wane da karatu da rubutu, wane kuma sai ya taɓa da hannu. Mai gabatarwa ya ce mu koma makarantunmu mu yi wa yara haka, kowane yaro a koyar da shi ta salonsa, za mu ga abin mamaki. Aka yi tafi. Ni ma na tafa, don ba baƙuwar magana ba ce a wurina. Tun muna kwalejin ilimi muka haddace ta, muka rubuta a jarrabawa, muka ci maki.

Da na koma sai na yi yadda aka ce. A ajina na biyu na ƙaramar sakandare akwai wata yarinya da aiki ya kawo iyayenta daga Kudu, tana koyon Hausa a matsayin harshe na biyu. Bayan kamar sati biyu na ce ta tashi ta gaya wa aji abin da ta yi jiya, cikin jimla uku kacal. Sai ta miƙe ta ce: "Malam, ai takarda ya ce ni mai koyo da ido ne. Ka rubuta, zan kwafa."

Ku sake karanta jimlarta. "Takarda ya ce." "Ni mai koyo da ido ne." Kuskuren jinsi biyu a numfashi ɗaya, kuma tana kafa hujja da takardar da ni na ba ta da hannuna don kada ta yi abin da zai gyara mata kuskuren, wato buɗe baki. Tun ranar na fara bin diddigin wannan magana.

DAGA INA TA FITO?

Waccan takarda 'yar wani tsari ce da ake kira VARK, wanda wani malami ɗan ƙasar Niyuzilan mai suna Neil Fleming ya fito da shi a 1987. Ba shi kaɗai ba ne. A 2004 Frank Coffield da abokan aikinsa a Ingila sun ƙidaya irin waɗannan tsare-tsare na rarraba masu koyo har 71, suka zaɓi 13 suka yi musu duban tsanaki, suka tarar yawancinsu ma'auninsu ba abin dogaro ba ne. A fagen harshe kuwa, Joy Reid ta tambayi ɗalibai fiye da 1,000 masu koyon Turanci a Amurka a 1987, ta nuna lallai mutane sun bambanta a kan hanyar da suka fi so.

To a nan gizo ke saƙa. "Na fi son kaza" magana ce daban, "na fi koyo da kaza" magana ce daban. Yaro ya fi son alewa da tuwo, amma ba alewa ke gina masa jiki ba.

A 2008 wasu masana halayyar ɗan Adam huɗu, Harold Pashler da Mark McDaniel da Doug Rohrer da Robert Bjork, suka bayyana gwajin da ya kamata a yi kafin a yarda da maganar. Ga yadda yake a sauƙaƙe. Ka ware masu "ido" da masu "kunne". Ka raba kowane rukuni gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi a koya musu da hoto da rubutu, rabi da magana. Sannan kowa ya yi jarrabawa iri ɗaya. In ra'ayin gaskiya ne, dole masu ido su fi ci a darasin gani, masu kunne su fi ci a darasin ji. In kuwa hanya ɗaya ce ta fi yi wa kowa amfani, to magana ta rushe. Da suka bincika abin da aka wallafa, sai suka ga 'yan kaɗan ne suka yi gwajin ta wannan hanya, waɗanda suka yi kuma kusan duk ba su sami abin da ake da'awa ba.

Wani zai ce wannan binciken Turawa ne, mu ina ruwanmu. To mu ajiye Turawa, mu tambayi Hausa da kanta.

ABIN DA RUBUTU YA ƁOYE

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A shari'a da ciniki haka ne. A koyon Hausa kuwa, akwai abubuwa biyu manya da ido ba zai taɓa gani ba, domin rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna su: karin sauti da tsawon wasali.

Dubi wannan jimla: "Da kuka zo kun ji kuka a gindin kuka."

Haruffa huɗu iri ɗaya, sau uku. Na farko wakilin suna ne, wasulansa gajeru. Na biyu hawaye ne, dogayen wasula, karin sama da sama. Na uku itace ne, karin sama sannan ƙasa. Ɗan Hausa zai karanta bai ko yi tuntuɓe ba, don kunnensa ya riga ya ajiye masa sautin tun yana goye. Wanda ya zo daga Ibadan ko Inugu fa, in ka ce masa shi mai koyo da ido ne, me idon zai gaya masa a nan?

Ga wasu:

gari (na zama) da gari (na tuwo): tsawon wasalin farko ne kawai ya raba su.
wuya (na jiki) da wuya (wahala): karin sauti ne ya raba su.
baƙi (launi) da baƙi (jam'in baƙo): tsawon wasali da kari duka.

Abin bai tsaya a kalmomi ba, ya shiga har cikin nahawu. "Ka gaya wa Audu ya tafi." In ka ja wasalin "ya" da karin sama, labari kake bayarwa, wani ya riga ya tafi. In ka gajarta shi da karin ƙasa, umarni ne, Audu ake kora. Rubutu ɗaya, ma'ana biyu, ɗaya ma tana iya haddasa faɗa. Shi ya sa ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 suka wahalar da kansu wajen nuna kari da tsawon wasali. Sun san baƙon harshe ba shi da kunnen da ɗan gida yake da shi.

Na taɓa zama da wani ɗan bautar ƙasa da aka turo makarantarmu. Yaro mai ƙoƙari, wallahi. Ya sayi littafi mai kauri ya cika shi da kalmomin Hausa, kowace da fassararta, har da jan biro da shuɗi. Kullum ya ce shi sai ya ga abu a rubuce yake zama masa. Wata shida ana haka. Ranar da muka je sayen albasa Aliero, ya tsaya gaban mai kaya ya jero jimlar da ya haddace, mai albasa ya juyo ya dube ni ya ce: "Malam, mi yac ce?" Kalmomin duk daidai suke. Sautin ne babu.

ABIN DA KUNNE YA ƁOYE

Kada masu cewa "ai harshe a kasuwa ake koyonsa" su yi saurin murna. Su ma ga nasu.

Ku shiga kasuwar Jega ku saurari 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu suka shekara ashirin ko talatin a nan. Suna ciniki da Hausa, suna barkwanci, wasu har karin magana suke jefawa da Kabanci tsantsa. Na yaba musu ƙwarai, sun fi mu ƙoƙari, don mu nawa ne muka iya Ibo ko Yarabanci? Amma ka kasa kunne da kyau, da yawa za ka ji: "Matata ya tafi gida." "Motan ya lalace." Shekara talatin kunne yana jin "ta tafi" da "motar" dare da rana, amma bakin bai ɗauka ba. Me ya sa? Domin an fahimce shi, ciniki ya faɗa, ba wanda ya tsaya ya ce masa ga inda ka kauce. Abin da ba a nuna maka ba, kana iya jin sa sau dubu ya wuce ta gefen kunnenka.

Wani masanin harshe Ba'amurke, Richard Schmidt, ya bi wani mai zane ɗan Japan da ke zaune a Hawai har shekara uku, ya wallafa sakamakon a 1983. Mutumin ya ƙware wajen hira da mu'amala da Turanci, amma nahawunsa bai motsa ba sai kaɗan. Daga baya Schmidt ya je Birazil ya koyi harshen Fotugal da kansa, yana rubuta abin da ke faruwa da shi kullum. Ya gano cewa abin da ya lura da shi a maganar mutane, galibi bayan an koya masa a aji, shi ne ke shiga bakinsa. A 1990 ya fito da ra'ayinsa cewa lura sharaɗi ce ta koyon harshe. Ita ma Merrill Swain ta ga irin haka a Kanada a 1985: yaran da aka yi shekaru ana koyar da su darussa da Faransanci suna fahimta sosai, amma in suka zo magana ko rubutu sai kurakuran nahawu su fito, saboda ba a matsa musu su yi magana mai tsawo a gyara musu ba.

Jinsin Hausa kuwa yana buƙatar a zauna a nuna wa mutum. Za ka ce masa yawancin sunayen da suka ƙare da "a" jinsin mace ne: riga, mota, albasa. Sannan ka ce masa amma fa gida da ruwa da nama da suna da wata na sama duk maza ne. Sunan gari mace ne ko da me ya ƙare: Jega ta cika, Aliero ta yi albasa, Gwandu ta daɗe. Jam'i kuma duk "ne" yake ɗauka: mace ce, amma mata ne. Wannan ba ya samuwa a teburin mai shayi.

Mu kanmu 'yan gida kunne ya yaudare mu a rubutu. "Akan sayar da albasa a kan titi." A kunne kusan abu ɗaya ne, a takarda na farko haɗe yake, na biyu rabe. "Yana" haɗe, "su ne" rabe. Nawa ne cikinmu suka sha nonon Hausa amma suke faɗuwa a nan? Ga kuma namu na musamman a wannan yanki. Yaron Sarandosa ko Mungadi ko Sambawa ya tashi yana jin "shina zuwa", "munka tahi", "wagga riga ta". Hausa ce lafiyayya, ba kuskure ba ce, karin harshenmu ne. Amma takardar jarrabawa Daidaitacciyar Hausa take nema: "yana zuwa", "muka tafi", "wannan riga ce". In ka ce wa wannan yaro shi mai koyo da kunne ne, ka cuce shi, domin abin da kunnensa ke ji a gida da kasuwa ba shi za a tambaye shi ba. Sai ya karanta, ya rubuta, an ja masa jan biro.

Kun ga ke nan, mai littafi ya rasa sauti, mai kasuwa ya rasa ƙa'ida. Kowannensu ya tsaya inda ya fi jin daɗi, kuma daidai nan aka bar shi a baya.

TAMBAYAR DA TAKARDAR BA TA YI BA

Abin da ya fi ba ni haushi da waccan takarda shi ne, tambayoyinta duk babu wadda ta ce: wane harshe kake yi a gida? Alhali a ɗan abin da na gani a aji, wannan ita ce tambayar da ke gaya maka inda yaro zai yi tuntuɓe tun kafin ya buɗe baki.

Jihar Kabi ba Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Fulani, da Zabarmawa, da Dandawa wajen Kamba, da Dakarkari a ƙasar Zuru, da Kambari da Gungawa a ƙasar Yawuri. Tun da aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kabi a Aliero a 2006 kuma, ga ɗalibai da ma'aikata daga sassa daban-daban na Nijeriya. Kowa da kayan da ya zo da su.

Bafulatani yana da ɓ da ɗ da 'y a harshensa, yana da dogon wasali da gajere, don haka waɗannan kyauta ya same su. Amma Fulatanci ba shi da ƙ da ts, kuma ba harshen karin sauti ba ne irin Hausa. Nan zai sha wuya. Bayarabe da Ibo sun zo daga harsunan karin sauti, in ka nuna musu bambancin wuya da wuya sukan kama da wuri. Amma wakilin sunansu na mutum na uku ɗaya ne ga namiji da mace, shi ya sa "ya" da "ta" ke ruɗa su. Haka Bazabarme, shi ma kalma ɗaya yake da ita ga shi da ita. Ashe yarinyar ajina da ta ce "takarda ya ce" ba idonta ne ya jawo ba, ba kuma kunnenta ba. Harshen uwarta ne bai raba jinsi ba.

Mu ma haka muke in mun je koyon Turanci. Hausa ba ta raba sautin "p" da "f" a matsayin baƙaƙe biyu masu bambanta ma'ana, shi ya sa kalmomin da muka aro suka koma fensir, famfo, fasinja, fasfo. Ba ma son baƙaƙe su cunkushe ba wasali a tsakani, shi ya sa muka ce burodi da sukurudireba. Ɗalibi Bahaushe, ko takarda ta kira shi mai ido ko mai kunne, a wuri ɗaya zai yi tuntuɓe. Maganinsa ma ɗaya ne: a nuna masa yadda leɓɓa ke haɗuwa, ya ji, ya faɗa, a gyara, ya sake.

MU DUBI ALLO

Kafin VARK da shekaru ɗaruruwa, kakanninmu suna koyar da harshe na biyu a wannan ƙasa, wato Larabci. Dubi makarantar allo. Yaro yana jin malam ya biya, yana maimaitawa da ƙarfi, yana bin baƙi da yatsa, daga babbaƙu zuwa farfaru, sannan ya riƙe alƙalami ya rubuta da tawada, ya wanke, ya sake. Kunne da baki da ido da hannu duk suna aiki a kan abu ɗaya. Ba malamin da ya taɓa cewa wannan almajirin na kunne ne, a ɗauke masa allo.

Amma ita ma allo tana da darasi na biyu, kuma dole a faɗa. Yaro yana iya sauke Alƙur'ani da kyakkyawan furuci bai iya tambayar ruwan sha da Larabci ba. A zaure kuma za ka sami wanda ke fassara manyan littattafai kalma bayan kalma, amma hira da Balarabe ta yi masa nauyi. Ba gazawar kwanya ba ce. Abin da ka yi ta maimaitawa shi kake iyawa. Ka yi tilawa, ka iya tilawa. Ka yi fassara, ka iya fassara. In kana son magana, sai ka yi magana.

Mu da ke ƙasar Gwandu ma muna da babban misali. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo bai zauna ƙasar Larabawa ba, amma ya kai ga wallafa littafin nahawun Larabci, Bahrul Muhiɗ, da na sarafi, Hisnur Rasin. A Ida'un Nusukhi ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta. Abin da mutum zai gani a wannan jeri shi ne yawan malamai da yawan karatu da tsawon shekaru.

Ko a sana'a haka ne. Aliero ta yi suna a ɗori. Mai koyon ɗori ba zai ce shi na kunne ne, a kwatanta masa karaya da baki ba. Dole hannunsa ya taɓa ƙashi. Mai son sanin inda Maiyama take daga Koko, taswira ta fi masa dogon bayani. Abin da ake koyo shi ke zaɓen hanyar da za a koye shi. Harshe kuwa ji ne da magana da karatu da rubutu, ba ka da ikon ɗaukar ɗaya ka ce sauran ba salonka ba ne.

INDA NA BA SU GASKIYA

Kada a ce na yi musu rashin adalci. Masu wannan ra'ayi sun yi abin kirki ɗaya babba: sun tunatar da malami cewa tsayawa gaban allo yana zuba daga farkon darasi har ƙarshe ba koyarwa ba ce. Malamin da ya dawo daga bita ya fara kawo hotuna da wasan kwaikwayo da rediyo aji, darasinsa zai yi kyau. Amma dalilin kyan shi ne duk yaran sun sami abu ta hanyoyi da yawa. In da ya raba su ya ba kowa hanya ɗaya, da ya rage musu.

Haka kuma gaskiya ne yara sun bambanta. Akwai mai saurin kama sauti, akwai mai ƙarfin hadda. Akwai wanda ba ya gani sosai daga bayan aji, akwai mai matsalar ji, waɗannan kuwa kulawa ta musamman suke buƙata da asibiti, ba takardar tambayoyi ba. Akwai wanda buƙata ta kora, kamar ɗan kasuwar da in bai iya Hausa ba ba zai ci abinci ba. Sannan akwai kunya da tsoron dariya, wanda a ganina shi ne babban abin da ke kashe harshe a bakin yaranmu, musamman 'yan mata. Da na zauna da waccan yarinya daga baya, ashe ranar farko da ta yi magana a aji ta ce "baki" a wurin "baƙi", aji ya fashe da dariya. Tun ranar ta kulle bakinta. Takardata ta zo ta ba ta suna mai daɗi da za ta ɓuya a bayansa.

Wannan ita ce illar da nake tsoro. Laƙabi yana da nauyi a wurin yaro. In malam ya ce kai kaza ne, ya zauna. Kuma a 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta so kowane yaro ya koyi ɗaya daga manyan harsuna uku ban da nasa. Ga ƙarancin malamai, ga ƙarancin littattafai, ga cunkoson aji. Ɗan lokacin da muke da shi bai kamata ya tafi wajen rarraba yara gida huɗu a kan abin da ba a tabbatar ba.

TO ME ZA A YI?

Ga mai koyon Hausa ko Turanci ko Larabci, shawarata ita ce ka nemi abin da ka fi gudu, galibi nan ciwonka yake. In kai mai son littafi ne, kowace kalma ka rubuta ka sa ɗan harshen ya faɗa maka, ka ɗauka a waya, ka maimaita har ya ce ta yi. In kai mai son hira ne, ka roƙi aboki ɗaya ya riƙa tsayar da kai in ka kauce, kuma ka riƙa rubuta ko jimla biyar ce a rana a duba maka. Kada ka haddace suna shi kaɗai, haɗa shi da dirkarsa: gida ne, mota ce, ruwa ne. Kuma kaɗan kullum ya fi mai yawa rana ɗaya.

Ga 'yan uwana malamai, mu fara da tambayar harshen gida. Mu yi amfani da tagwayen kalmomi: kafa da ƙafa, kura da ƙura, koko da ƙoƙo, bata da ɓata. A faɗa, a rubuta, a sa a jimla. Mu hana dariya a aji kafin mu nemi yaro ya yi magana.

Ita yarinyar, na karɓe takardar na ba ta haƙuri, na ce kuskurena ne. Muka yi yarjejeniya: kullum kafin a tashi za ta gaya mini jimla uku a ofis, ba a gaban aji ba, sannan ta rubuta su. Yanzu "ya" da "ta" sun fara zama, ko da yake takan zame in tana sauri. Ƙ har yanzu muna fama, wani lokaci ta fito, wani lokaci ta ƙi. Amma satin da ya wuce ta ɗaga hannu da kanta a aji. Hausa ba dabo ba ce, da koyo akan iya.

Wannan fahimtata ce, ni ɗalibi ne har gobe. Malamaina da ke wannan zaure, da waɗanda suka koyi Hausa da girmansu, ina son jin yadda abin ya kasance a wurinku, musamman wanda ya gwada raba aji ta salon koyo ya ga amfaninsa, ya gaya mana yadda ya auna. Gyara kayanka ba sauke mu raba ba ne.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani.